Ɗan da Na Bari a Asibitin Bakin Kwari

Habsatu, na san ke za ki fara karanta wannan, don tun kina rarrafe ba a taɓa ɓoye abu a ƙarƙashin katifa ba ki tono shi ba. To nemi wuri ki zauna. Kin sha yi mini tsiya, ke da ƙannenki, wai ni ce uwar da Allah bai ba kunyar ɗan fari ba. Ina kiran sunanki gatsal a tsakar gida, ina goya ki a gaban surukai, ranar da aka kai ki lekkol, wato makarantar boko, ma na tsaya bakin taga ina leƙe kamar wadda aka aiko. Mata sun yi gulmata a kan haka har bakinsu ya gaji. Ban ba su amsa ba, ku ma ban ba ku ba. Amsar ita ce, ba ke ce 'yar farina ba. Kuna da wa. A ƙauye mun ce ɓari na yi, aka yi mana jaje aka manta. Babanku ya tafi kabari bara da nasa rabon maganar, ni kuwa ba na son in tafi da nawa.

Ina da shekara goma sha takwas babanku ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na gefen Matamaye ya kawo ni Tamanrasset. Lokacin lebura ne a shantiye, yana kwaɓa siminti yana miƙa bulo, bai zama magini ba tukuna. Muna zaune a wani ginin da ba a gama ba can gefen gari, ƙofarmu buhu ce, maƙwabtanmu duk samari 'yan ci-rani, mutum goma a ɗaki guda. Babu tsohuwa ko ɗaya a kusa da ni, ba uwa, ba goggo, ba wadda za ta dubi ƙafata ta ce ta kumbura. Cikina na wata bakwai naƙuda ta taso mini ina tsugune ina wanki. Wani Balarabe mai motar yashi ya taimaka ya kai mu likita. Mu likita muke cewa, amma tunda rabin jikokina a Kano suka buɗe ido, bari in ce asibiti, kada su ɗauka mutum nake nufi. Ƙaramin asibiti ne a bakin kwari, inda ruwan duwatsu ke bi idan an yi sama. A nan na haihu. Na ji kukansa sau ɗaya, siriri, sai suka yi waje da shi da gudu suka sa shi a kwalba, akwatin gilashin nan da ake ajiye bakwaini.

Ku 'yan yanzu ba ku san yadda ake haihuwar fari a wajenmu ba. Na ga ta yayata da idona. An wanke jariri an kawo mata, ta kau da kai. An ce ta karɓa, ta ja zane ta rufe fuska. Goggo ta zage ta tas, ta ɗaka mata duka a cinya, mata biyu suka danne ta aka cusa mata yaron a ƙirji tana ture shi, tsofaffi na dariya suna cewa yarinya ta yi tarbiyya. Kowa ya san nasa aikin a ciki. Ke aikinki ki ƙi, su aikinsu su tilasta ki. Wadda ta miƙa hannu da kanta ta karɓi ɗan fari, to har ta tsufa ana ba da labarinta a bakin rijiya. Da wannan ilimin na shiga asibitin Larabawa, ba ni da wani.

Washegari sajfam, wato ungozomar asibiti, ta zo ta kama hannuna tana nuna mini hanyar ɗakin jarirai tana murmushi. Na fizge hannuna na juya na fuskanci bango. Ta yi Larabci, ta yi Faransanci, ban ji ko ɗaya ba. Sai ta kira wata Buzuwa mai shara, doguwa, sunanta Gaishata, wadda ta tsinci Hausa a kasuwar Agadas. Ta jingine tsintsiyarta ta tsaya a kaina.

"An ce ki taso ki ga ɗanki. Yana neman nono."

Zuciyata ta riga ta tashi ta tafi ɗakin nan, amma na ƙara ƙudundunewa. Ina jira ta zage ni, ta finciko ni. Ta tsaya jim kaɗan ta ɗauki tsintsiyarta ta tafi. Da la'asar ta dawo.

"Ƙanwata, ba ki son shi ne?"

Na yi shiru, har da ɗan tsaki, yadda na ga yayata ta yi. Rana ta biyu ta sake tambaya, na sake yin shiru. Daga nan ba wanda ya ƙara ce mini komai. Na kwanta ina kallon bango, nono ya cika yana mini zogi, ina cewa a raina gobe dai za su gaji da ni su ja ni da ƙarfi.

Goben ba ta zo da haka ba. Da hantsi babanku ya shigo yana haki, ya ce ana kame a unguwarmu, jandarma sun kwashe samarin maƙwabta duka, kuma an ce za su biyo asibiti neman marasa takardu. Ya fitar da ni ta baya ya zaunar da ni a gindin wata katanga, ya ce in jira zai koma ya ji labarin yaron. Bai daɗe ba ya dawo. Bai dube ni ba.

"Ya koma," ya ce. "Sai haƙuri."

Ban tambaye shi komai ba. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban miji. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, muka yi kudu, ina matse nono a tsumma ina jefarwa a hamada, har muka sauka Arlit. Can muka zauna wata biyu kafin mu wuce gida.

Sauran kun san shi: yadda aka haife ku, yadda muka dawo Tamanrasset da takardu a hannu, babanku ya zama maginin da Larabawa ke layi a kansa, ni kuma na kafa rumfa a kasuwar Assihar ina sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da turaren wuta. Asibitin bakin kwari kuwa, wata shekara ruwa ya sauko daga duwatsu ya shiga cikinsa har ƙirji, aka kwashe marasa lafiya aka koma sabon gini, aka sa wa tsohon sarƙa aka bar shi. Ko a mota muka bi ta wajen, ni dai sai in duba ɗaya gefen.

Shekara goma sha tara da haihuwar nan, wata Talata, ina auna wa wata mata daddawa, sai na ji ana kallona. Wata tsohuwar Buzuwa ce da sanda, ta tsaya tana duban zanen da ke kumatuna. Ta bari mai sayayya ta tafi, sannan ta matso.

"Ke ce mai kallon bango."

Ludayin awo ya faɗi daga hannuna. Na gane muryar kafin in gane fuskar.

"Inna Gaishata? Kina raye?"

"Ina raye. Ɗanki ma bai mutu ranar da kika gudu ba."

Na kama gefen mayafinta. Na ce yana ina, wa ya ɗauke shi, yana garin nan? Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ita ba ta faɗin irin wannan magana a tsakanin kuka da daddawa. Ta ce ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, in same ta a bayan tsohon asibiti, abin da ta ajiye mini yana ciki, da idona zan gani. Ta juya ta tafi abinta tana dogara sanda.

Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Duk saurayin da ya wuce gaban rumfata sai na bi shi da ido, ina duba goshinsa, ina duba kunnensa, ina neman babanku a jikinsa. Na taɓa jin ana cewa jariran da aka rasa iyayensu akan ba wa wasu gidaje su riƙe. Har na fara tunanin da wane harshe zan gaishe shi, ni da Larabcina bai wuce na ciniki ba. Na zuba gishiri sau biyu a miya, ke Habsatu kika ce Inna ta fara ruɗewa. Babanku ban ce masa uffan ba. Ina dai kallonsa yana cin tuwo.

Ranar Juma'a rana ta take, gari ya yi tsit, ko akuya ba ta motsi. Na sami Gaishata zaune a inuwar katanga, kusa da inda aka fasa waya aka yi hanya. Kafin mu shiga ta ciro wani tsohon makulli daga wuyanta ta danƙa mini.

"Riƙe, ƙarfe ne. Wurin da mutane suka bari, wasu ke shiga su zauna. Kada ki kira sunana a ciki. In kin ji an kira naki, kada ki amsa."

Ta yi bisimilla, ta yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane, ta ɗan saurara, sannan ta sa ƙafa. Ni da na yi shekaru ina yi wa mata dariya a kan tsoron aljanu, sai ga ni na damƙe makulli har ya yi mini shaida a tafin hannu.

Abin da ya fara buguna sanyi ne. A waje rana na ƙona ƙeya, a ciki kuwa kamar an shiga randa. Sai wari. Shekara da shekaru ba kowa, amma warin maganin nan na asibiti yana nan, ya gauraye da na kashin tantabara. Laka ta bushe a ƙasa ta tsattsage, duk taku sai ta ce ƙaras, ƙarar ta tafi can ƙarshen baranda ta dawo mana kamar wani na biye da mu. A jikin bango akwai layi ja-ja daidai ƙirjina, iyakar inda ruwa ya kai, ya bi ɗaki-ɗaki bai karkace ba. Bencunan jira suna nan a jere, duk sun fuskanci tagar karɓar kati, tagar a buɗe. A ƙasa an watsar da baƙaƙen hotunan ƙirji, na taka ɗaya na ɗaga ƙafa, sai ga haƙarƙarin wani bawan Allah yana kallona. A wani ɗaki muka ga toka da kwalaye a shimfiɗe, da gwangwanin shayi, alamar 'yan ci-rani sun taɓa ɓuya a nan. Sun rubuta sunayen garuruwansu da gawayi, Tasawa, Kance, Magarya. Wani ya rubuta, "Allah ka fid da mu." Takalmin roba ƙafa ɗaya na tsakiyar ɗakin, ban san yadda mai shi ya fita da ɗayan ba.

Gaishata ba ta kallon ko'ina. Tafiya take kamar ta zo aiki, har tana kauce wa wurin da bokitinta ke zama da. Muka wuce wata ƙofa da ta rage a maƙale da ƙusa guda, tana lilo a hankali, alhali ban ji iska a jikina ba. Muna shiga ɗakin masu haihuwa tantabaru suka tashi fuu daga rufi, na durƙushe ina salati. Ita ko gezau.

Gadaje shida ne, ƙarfe tsirara, ba katifa. Ba ta nuna mini nawa ba, ƙafata ce ta kai ni. Na ƙarshe, jikin bango. Na zauna a kan wayar gadon na juya, sai ga shi. Tsagar nan da ta sauko daga taga ta rabu biyu. Tabon shuɗin fenti mai kama da kan zakara. Da ɗan wurin da na yi ta ɓantara da farce, yana nan sama kaɗan da layin ruwa, ko ƙura ba ta rufe shi ba. Na san bangon nan ciki da waje. Da za a ba ni gawayi da na zana shi ido rufe. Fuskar ɗana kuwa ban san ta ba, ko launinsa ban sani ba. Nan take ƙirjina ya ɗauki zogi, irin na mai jego in jariri ya yi kuka, ni da na yaye autana shekara bakwai da suka wuce. Na sa hannu na taɓa rigata in ji ko ta jiƙe.

A lokacin na ji shi. Wani sauti siriri daga can ƙarshen baranda, ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Gashin jikina ya miƙe. Na dubi Gaishata.

"Bututun ruwa ne," ta ce. "Iska ke shiga ta sama."

"Inna, ai babu iska."

"To taso. Ranar nan na ce ki taso kin ƙi. Yau ki taso."

Na tashi. Ba da niyya ba na ƙirga takuna daga gadon zuwa ɗakin jarirai. Ashirin da biyu. Tsakanin rumfata da ta mai kifi ya fi haka nisa. Muna isa ƙofar sautin ya ɗauke ɗif.

Kwalba biyu ce a ɗakin. Ɗaya ta fashe. Ɗayar tana nan da murfinta a ɗage, yashi mai laushi ya taru a ciki, tsakiyarsa ya lotsa kamar wani abu ya saba kwanciya a wurin. Na gaya wa kaina kyanwa ce. Na duba ƙasa ban ga sawun kyanwa ba. Gaishata ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin ta fara magana, ba ta dube ni ba. Ta ce da aka ga gadona wayam, sajfam ta rubuta a takarda cewa uwa ta ƙi ɗanta ta gudu, kuma ba wanda ya yi mamaki, tunda kowa ya ga yadda nake fizge hannu. Ta ce yaron ya ƙi mutuwa. Ana ɗiga masa madara yana haɗiya. In ta gama shara sai ta wanke hannu ta zo ta zura yatsa ta ramin kwalbar, ya kama. Ran kwana bakwai ta sayo dabino ta raba wa ma'aikata, ta sa tsohon mai gadi ya yi masa huɗuba, don ta ce ba za ta bar ɗan Musulmi da lamba a hannu ba suna ba. Da ya yi ƙwari aka fitar da shi daga kwalba. Ta roƙa a ba ta shi, aka ce sai takarda ta fito daga buro, wato ofishin hukuma. Duk ranar hutunta, in ta leƙa shi da safe, sai ta wuce tasha tana tambayar direbobin kudu ko sun ɗauki wata yarinya mai jego, mai zane uku a kumatu. Ba ta san sunana ba, ba ta san garinmu ba.

"To yana ina yanzu?" na ce. "Don Allah, Inna. Wa aka ba?"

Ta nuna wata 'yar ƙofa a lungu da sandarta.

"Buɗe. Makullin na hannunki."

Ɗakin ajiye tsintsiya ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Makullin ya yi gardama, sannan ya juya. Tsintsiyoyi sun ruɓe, bokiti ya cika da busasshiyar laka. Ta ce in ɗaga kai. A sama da layin ruwa, an karce bango da bakin ƙarfe, zane-zane tsaye, gajeru, a jere, layi bisa layi. A samansu akwai 'yan alamu na rubutun Buzaye, da'ira da ɗigo da sanda.

"Wannan sunansa ne," ta ce. "Ilyas, sunan babana. Ku kuna cewa Iliyasu. Waɗannan kuwa, duk safiyar da na zo na same shi, ke ba ki zo ba, sai in ja ɗaya."

Na sa yatsa na fara bi. Goma. Ashirin. Ina ƙirgawa ina addu'a bangon ya ƙare kafin zanen ya ƙare, ta ce mini wuri ne ya cika, ko takarda ce ta fito aka tafi da shi. Talatin. Arba'in, ranar da da a gida ne zan gama wankan jego a yi mini kitso. Hamsin. Layin ƙarshe zane uku ne kawai. Bayansu bango fari fes, da sauran fili mai yawa. Na shafa filin da tafin hannu ko akwai wanda idona bai gani ba.

"Zazzaɓi da gudawa," ta ce. "Kwana biyu ya yi. A hannuna ya cika."

Ban faɗi ba, ban yi ihu ba. Na jingina goshina da zanen. Ita kuwa sai ta sauke abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. Ta ce shekara goma sha tara tana jin haushina, in ta tuna ni ko abinci ba ya mata daɗi. Ta ce ta ga karuwai a ɗakin nan, ta ga mahaukaciya, duk sun rungumi 'ya'yansu, ban da ni. Da na samu murya sai na gaya mata yadda ake yi a garinmu, da goggo, da dukan cinya, da dariyar tsofaffi. Na ce mata jira nake ta ja ni. Ta juyo ta dube ni.

"Ja? Wallahi da na sani da na ja ki da gashin kai. Ni a jeji na girma, Hausarku ta kasuwa na iya. Wa zai gaya mini in kun ce a'a, e kuke nufi?"

Sai ta zauna a kan bokitin nan ta fashe da kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri.

Ta fitar da ni ta ƙofar baya, ta nuna mini wani fili tsakanin katanga da kwari inda ake binne jariran da ba su da kowa. Ta ce da ta san nasa, ta kafa masa farin dutse. Amma ruwan shekarar nan ya kwashe duwatsun ya baje, ya bar 'yan tudu goma sha ɗaya, kowanne bai fi tsawon hannu ba. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ta nuna ɗaya ba.

Da na koma gida babanku ya dawo daga masallaci yana zaune a kan tabarma yana jiran abinci. Ku kuna gidan maƙwabta. Ban cire mayafi ba na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, daga tsohon asibiti nake. Sunansa Iliyasu."

Bai ce wane ne Iliyasu ba. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

"Kwana nawa ya yi?"

"Hamsin da uku."

Na ga leɓensa na motsi, yana lissafi.

"Muna Arlit," ya ce. "Duk kwanakin nan muna Arlit. Tafiyar kwana biyu." Ya share fuska da hannun riga. "Ban shiga ba, Zinatu. Na iske motar jandarma a ƙofa, na juyo. Na ce ɗan wata bakwai ai ba zai kwana ba. Da kin tambaye ni ko sau ɗaya wa ya gaya mini, da ban iya riƙewa ba. Kullum ina jira ki tambaya."

Na shigo gidan nan da niyyar in ɗora masa kayan duka, in ga ya durƙushe. Ina da bakin yin haka, kun san ni. Amma shi sau ɗaya ya juya baya, da bindiga a gabansa. Ni sau uku aka tambaye ni, ba mai bindiga. Na yi fushi da shi, fushi mai tsanani, wata shida ban yi masa dariya ba, kuma wani abu tsakaninmu bai koma yadda yake ba har ya rasu. Kada dai in ji ɗayanku ya zage shi a kan wannan. In za ku zarga, ku haɗa mu biyu.

Washegari da safe bai tafi shantiye ba. Ya ɗauki cokalin gini da buhun siminti rabi da jarkar ruwa ya ɗora a baro, muka biya muka ɗauki Gaishata. Ya tsaya a gaban tudun nan goma sha ɗaya ya tambaye ta wanne ne, ta ce Allah ne ya sani. Ya shiga kwari ya yi ta kwaso duwatsu, ya fara daga na farko, ya kewaye shi tsaf, ya daidaita, ya shafe, yadda yake yi wa gidajen masu kuɗi. Ya koma na biyu. Rana ta ɗaga, tagogin asibitin na bayanmu baƙi ƙirin, ban yarda na waiwaya ba. Gaishata na zaune a kan dutse ta zuba mana ido. Da ya gama na huɗu sai ta ce da ni:

"Shi yana aikinsa. Ke fa? Tsayuwa kika zo yi?"

"Me zan yi, Inna?"

"Ki yi masa sallama. Ki kira shi."

Na dubi babanku. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle a gaban ubansa. Jiya na faɗe shi cikin zafin rai, yau kuwa harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na durƙusa a gaban tudun farko, simintin bai bushe ba, na yi sallama. Sunan ya fito mini can ƙasan maƙoshi, ni kaina da ƙyar na ji.

Gaishata ta buga sandarta a ƙasa.

"Ɗaga murya. Bai san muryarki ba."

Na ɗaga. Na kira shi a na farko, na matsa na kira shi a na biyu, babanku na gabana yana jera duwatsu hawaye na ɗiga a kan siminti, ina biye da shi a kan gwiwoyina har muka kai na goma sha ɗaya.